Yadda Malam Shitu Ya Kai Ragon Suna Sukuwa

Mutanen Bronx ba su yi wa Malam Shitu adalci ba, kuma har gobe ba su da niyyar yi. Duk inda aka zauna, daga Grand Concourse har Tremont, sai ka ji ana yaɗa cewa wai bai san doki ba. Wannan ƙage ne. Doki kam ya san shi, don kakansa dillalin dawaki ne a Kano, kuma shi da bakinsa ya sha faɗa cewa tun yana goye yake bambanta haniniyar ingarma da ta goɗiya. Iyakar abin da ya faru shi ne dawakin Amurka ne ba su san Malam Shitu ba.

Shekarar da aka canza kuɗi a gida daga fam zuwa naira ne, nan New York kuma ana layin mai kamar ana rabon zakka. Malam Shitu direba ne a wani ofishi a Manhattan, mutum mai jiki, wanda tumbinsa ke riga shi yin sallama. Maƙwabcinsa Ladan ɗalibin likita ne, kwanansa a asibiti ya fi na gida yawa. Matar Ladan, Nafisatu, ta haifi ɗan fari namiji, aka sa suna ranar Lahadi.

A wajen barka Ladan ya yi tagumi ya ce ba shi da hutu sai daren Asabar, kuma bai san inda ake samun rago a garin nan ba.

Malam Shitu ya gyara zama, kujera ta yi ƙara. Ya ce, "Rago ne ya sa ka tagumi ina raye? Ni da nake kallon dabba daga nesa in gaya maka abin da ta ci jiya?"

Matarsa Balki ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Ladan, ka ba Alhassan mai motar kaya. Shi ya san gonakin da ake sayarwa."

"Alhassan ɗan Kumasi?" in ji Shitu. "Mutumin da ya tashi a kurmi, ina ya ga rago? Bunsuru zai kawo maka mai gemu, ya ce maka limamin tumaki ne."

Aka yi dariya. Ladan yaro ne mai kunya, ba zai iya tsallake babba ya ba wani ba. Ya ciro ambulan daga aljihu, ya miƙa da hannu biyu. "Yaya Shitu, abin da na tara ke nan tun cikin yana ƙarami. Bayansa babu wani."

"Kwantar da hankalinka. Ragon da zan kawo, sai an cire ƙofa kafin ya shiga."

Ranar Juma'a ya kai motar ofis layin mai. Yana nan zaune sai ya ga direban tasin da ke gefensa ya duƙufa kan wata jarida mai hotunan dawaki. Hira ta haɗa su. Mutumin ya ce a can Queens akwai filin sukuwa inda mutum zai shiga da kuɗin kaza ya fito da kuɗin saniya, in dai ya san doki.

In dai ya san doki. Malam Shitu ya shafa ambulan da ke aljihunsa. Kafin layi ya matsa, ya riga ya hango bajimin sa mai tozo ɗaure a bayan gidansu, mata na guɗa, maza na tambayar juna wa ya yi wannan aiki.

Da safiyar Asabar ya ƙwanƙwasa ƙofar Idrissa, kukun wani ofishin, Badamagare mai surka Hausa da Faransanci, abokin wasansa, wanda ke kiran sa Mushe, wato Malam a bakin Faransawa.

"Bawana, sa takalmi ka riƙe mini laima. Yau za ka ga yadda rago ke zama sa."

Idrissa ya saurari shirin har ƙarshe yana kurɓar shayi. "Mushe Shitu, wannan ai caca ce."

"Caca ita ce ka zuba kuɗi a kan abin da ba ka sani ba. Ni na sani. Wannan girbi ne."

"Kuɗin yaron mutane fa."

"Shi ya sa zan riɓanya masa. Da nawa ne ai ba zan wahalar da kaina ba."

"Bon," in ji Idrissa, ya ajiye kofi. "Zan je. Tunda nake ban taɓa ganin Bakano ya yi asara da idona ba, labari kawai nake ji."

Malam Shitu ya sha babbar riga shuɗiya mai aska takwas, ya kafa hula zanna, ya ɗora kwat ɗin sanyi a kafaɗa. A bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ƙarfen nan mai juyawa ya cafke hannun rigar. Ya ja, ƙarfe ya ja. Wata tsohuwa da ke bayansa ta riƙa zungurar sa da sandar laima tana ruwan Turanci, har sai da Idrissa ya warware shi kamar mai kwance rawani. Jirgin farko ya wuce.

Suka shiga na biyu, jirgin D. Da aka zo inda ya kamata su sauka su canza, Idrissa ya miƙe. Shitu ya janyo shi ya zaunar.

"Ni direba ne. Ni za ka koya wa hanya a garin nan? Je ka koya wa albasa."

Suka yi ta tafiya, jirgi ya fito daga rami, ya hau gada, ya sake nutsewa, mutane na raguwa. Can da aka buɗe ƙofa sai ga iska mai ƙarni, ga teku shimfiɗe.

Idrissa ya leƙa ta taga. "Ashe a ruwa suke tseren."

Kafin su juyo su gano filin, rana ta karkata, saura tsere ɗaya tak a tashi. Wani mai sayar da irin jaridar direban tasi ya tare su a ƙofa, ya ce a ciki an rubuta tarihin kowane doki, gudun da ya yi da inda ya gaza. Shitu ya kawar da shi da bayan hannu.

"Doki ba a karanta shi a jarida. A ido ake karanta shi, da ƙirji, da haƙori."

Haƙorin kuwa da gaske yake. Suka isa wani ɗan shinge inda ake zagayawa da dawaki ana ɗaura musu sirdi, jama'a sun yi dafifi suna kallo. Shitu ya kutsa gaba, ya ƙare musu kallo, ya taɓe baki. Dawaki dogaye, ciki a ɗame, ƙafafu kamar sillen kara. Sirdin kuwa bai fi faifai ba. Mahayan ma wasu 'yan mitsi-mitsin mutane ne cikin riguna masu walƙiya.

"Innalillahi. Ƙasa mai arzikin nan, a rasa dusa da kanwa? Dubi haƙarƙari. Kakana ko kyauta aka ba shi waɗannan sai ya nemi ciko."

Wani baƙin doki ya zo wucewa dab da shinge. Shitu ya miƙa hannu zai ɗage masa leɓe ya ga shekarunsa. Doki ya kauce wa hannun, ya kai baki, ya sunkuce hula zanna. Ya tattauna ta kaɗan, bai ji daɗinta ba, ya tofar cikin kashin dawaki. Mai gadi ya taso da ihu, jama'a suka fashe da dariya.

Idrissa ya ɗauko hular da yatsu biyu ya miƙa masa. "Shekararsa nawa, Mushe?"

"Yaro ne. Babba ba ya wannan rashin kunya." Ya kakkaɓe hula ya cusa a aljihu. "Waɗannan duk barori ne. Manyan ba su fito ba tukuna."

Ba a jima ba aka busa ƙaho, dawaki suka fito fili a jere gaban jama'a. Nan fa idon Malam Shitu ya buɗe. Kowane siririn doki yana tafe ne a gefen wani ƙosasshe, kuma mahayin ƙosasshen ne ke riƙe da ragamar siririn. A cikinsu akwai wani danda, fari da ja, gindi kamar rumbu, wuya kamar turmi, sirdi na fata mai zane da ƙaho a gaba. A kansa wani ƙaton Bature ne da malafa. Yana tafe yana rangaji, ko kallon jama'a ba ya yi.

Shitu ya damƙi hannun Idrissa. "Ga doki. Ga abin da na zo nema. Lamba nawa ne?"

"Ba shi da lamba. Lambar tana jikin ramammen da yake ja. Bakwai."

"To bakwai ke nan."

"Mushe, na ce a jikin ramammen take."

Shitu ya dube shi da tausayi. "Kai matsalarka a kicin ka ƙare, ba ka zauna da manya ba. Ni kullum da su nake. Ka taɓa ganin babban mutum ya ɗauki jakarsa da kansa? Ni ke riƙe wa maigidana jaka, ni ke riƙe laima. Lambar mota ma a jikin mota take, ba a goshin mai ita ba. Wancan ramammen yaronsa ne, ya ɗauko masa lamba. Dubi wa ke jan wa."

Idrissa ya sallama. Shi ma dai bai taɓa zuwa ba, kuma maganar ta yi kama da gaskiya.

Suka ruga tagar sayen tikiti. Shitu ya zazzage ambulan gaba ɗaya gaban wani Bature mai tabarau, ya ce bakwai. Baturen ya tambaye shi, na ɗaya zai zo, ko dai ya shiga cikin biyun farko, ko ukun farko, don a nan an fi samun sauƙi.

"Ji wani zagi. Gaya masa na ɗaya."

Baturen ya ɗaga kai ya dubi allon da ke nuna inda jama'a suka zuba kuɗinsu, ya ce kusan ba wanda ya taɓa bakwai, ya tabbata?

"Ka ji ko?" Shitu ya ce wa Idrissa. "Garin makafi muka zo." Sannan ya jingina da taga ya rage murya. "To yanzu nawa za ka rage mini? Na saya da yawa fa."

Baturen ya ce ba a ragi.

"Albarka. Ko gyara babu?"

Layin da ke bayansu ya ɗauki zagi, wani mai sigari ya riƙa buga agogonsa da yatsa. Idrissa ya fizgi tikiti ya tura shi a hannun Shitu, ya ja shi waje.

Suka sami wuri a bakin shinge, daidai inda aka girke wani dogon keji mai ƙofofi, wanda daga cikinsa dawaki ke tashi. Shitu ya cika ƙirji ya shiga yi wa danda kirari da ƙarfi, yana kiran sa na gaban dawaki, rumbu sha kallo, hadarin gabas mai korar 'yan kasuwa. Turawan da ke kusa suka ja baya suka ba shi fili.

Danda ya iso bakin keji da ramammensa. Ƙaton mai malafa ya miƙa ragamar ramammen ga wani ma'aikaci, aka tura shi ciki aka rufe. Shi kuma ya juya kan danda, suka koma gefe abinsu tare da sauran ƙosassun.

"Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne," in ji Shitu. "Zai ɗauko gudu daga nesa."

Ƙararrawa ta kaɗa, ƙofofi suka buɗe, ramammu suka fita kamar an harba su daga baka. Danda ya tsaya jikin shinge, ya buɗe ƙafafu, ya saki fitsari mai kumfa. Da ya gama, mai malafa ya ciro karas daga aljihu ya ba shi.

"Kai! Tashi mana! Sun tafi!" Shitu ya kama shinge yana jijjigawa. "Kai mai malafa, sake masa linzami, ɗan asara!"

Mai malafa ya ɗaga masa hannu cikin fara'a.

Wani tsoho da ke gefensu ya tambayi Idrissa abin da ke damun mutumin. Da ya ji bayani sai dariya ta sarƙe shi har da tari. Ya ce ai waɗannan masu ƙiba ba sa tsere, aikinsu kawai su rako na tseren zuwa keji don kada su firgita.

Idrissa ya juyo. "Mushe, wai danda ɗan rakiya ne."

"Ƙarya ne. Saye shi aka yi. Sun ga na gano shi, suka toshe mai malafa." Ya ciro tikiti ya ɗaga sama don kowa ya shaida. "Ni za a yi wa wayo? Ga tsiyarku nan."

"Dakata, lambar ai tana..."

Idrissa ya waiga fili. Bakwai ne na ƙarshe, can baya, yana cin ƙurar 'yan'uwansa. Sai ya ƙyale shi. Shitu ya keta tikiti biyu, ya haɗa ya sake ketawa, ya yi ta yi har ya zama kamar tsaki, ya watsa sama. Iskar teku ta karɓa ta raba wa jama'a.

Ya juya zai tafi cikin fushi mai kyan gani, sai ihun filin ya canza. Idrissa ya riƙo rigarsa.

"Tsaya ka ga yaron danda."

Ramammen ya buɗe ta waje a kwanar ƙarshe. Ya wuce ɗaya, ya wuce biyu, ɗan mitsitsin da ke kansa ya lafe a wuyansa kamar kaska. Ya kamo baƙin da ya ci hula, suka jera, ya miƙa dogon wuyan nan nasa ya riga shi tsallake layi. Allo ya kawo wuta. Bakwai.

Tsohon nan ya dafa kai, ya ce wanda ya riƙe tikitin bakwai yau ya haye. Idrissa ya tambaye shi ko abin zai sayi sa. Tsoho ya ce zai sayi sa da saniya, a ɗauki makiyayi.

"Na gaya maka bakwai," in ji Malam Shitu da wata siririyar murya. "Ban ce bakwai ba?"

"Ka ce. Ina tikitin?"

Filin sukuwa in an tashi, ƙasa rufe take da yagaggun tikitin waɗanda suka faɗi, kamar an yi ruwan takarda. A cikinsu Malam Shitu ya durƙusa da aska takwas ɗinsa, yana rarrafe tsakanin ƙafafun mutane yana tara guntaye a aljihun riga. Akwai wasu tsofaffi da sana'arsu ke nan, tsintar tikitin da aka yar bisa kuskure. Da suka ga baƙo ya shigo musu gona suka yi masa ca, har ya yi ja-in-ja da wata tsohuwa a kan guntun da ya zamo takardar alewa. Wani ya taka masa yatsu. Idrissa na tsaye a kansa riƙe da laima, yana nuna masa da ƙafa. "Ga wani can, Mushe. A'a, wancan guntun sigari ne."

Ya kai tulin gaban mai tabarau, ya shiga jera guntaye yana liƙawa da yawu. Abin da ya haɗu ya nuna doki na saba'in da bakwai a tseren ranar Talata. Mai tabarau ya ja labulen tagarsa. Masu gadi biyu suka kama Malam Shitu ta hammata, suka raka shi har ƙofa.

"Ka ga kai ma an ba ka 'yan rakiya," in ji Idrissa. "Kuma ƙosassu."

Bayan magariba suka iso gida. Falon Ladan cike da mata, ana suyar cincin, ana tankaɗe, Nafisatu na zaune da jariri a cinya. Ladan ya dawo daga asibiti ko farar rigarsa bai cire ba. Alhassan mai motar kaya ya kawo kujerun haya yana shan ruwa.

Ladan ya taso da murna. "Sannu da hanya, Yaya Shitu. Yana ƙasa ne?"

"Yana hanya."

"Shi kaɗai?" in ji Balki.

"Wato rago ne babba, to sai ma'aikatan jirgi suka hana shi shiga. Wai ba shi da tikiti."

Balki ta ajiye matsami. Ta zagaya mijinta tana kallon gwiwoyin rigar da suka yi baƙi, da kan da babu hula. Ta kama aljihun riga ta girgiza sau ɗaya. Guntayen takarda suka zubo a kan darduma, wasu suka faɗa cikin kwanon cincin.

"Ikon Allah. Ga tikiti kuwa har ya yi yawa. Idrissa, kai ba ka iya ƙarya ba sai a girki. Ina kuka je?"

Idrissa bai rage komai ba, har fitsarin danda sai da ya kwatanta. Mata suka yi ta dariya suna riƙe ciki, sai da suka lura Ladan bai yi ba. Ya zauna a hannun kujera yana kallon takardun da ke ƙasa. Nafisatu ta ja mayafi ta rufe fuskar jariri, ta sunkuyar da kai.

"Yaya Shitu," in ji Ladan a hankali, "da asuba liman zai zo. Me zan ce an yanka wa ɗana?"

"Ai dokin ya ci, Ladan. A rubuta wannan. Ilimina bai faɗi ba, iska ce ta..."

"Malam, tuɓe," in ji Balki.

"Me?"

"Rigar. Da kwat ɗin. Da agogo. Alhassan, kana sayen kayan hannu, ko ba haka ba? Akwai rediyo ma a ɗaki, mai kamo tashoshin gida. Ka haɗa duka, ka nemo mana rago kafin gari ya waye."

Alhassan ya murza aska takwas tsakanin yatsunsa, ya shinshina hular da aka ciro daga aljihu ya mayar. "Yoo. Ban da wannan. Amma Asabar da dare, sai abin da na samu fa. Bunsuru mai gemu ma in ya samu, limami ne."

Da sassafe motar Alhassan ta tsaya a bakin gini. Abin da aka sauko da shi rago ne, ba wanda zai yi musu, yana da ƙaho, kuma liman ya duba ya ce ya isa yanka. Amma ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga hawa na uku. Balki ta ɗauki igiyar ta danƙa a hannun mijinta, ta ce tunda shi ne masanin dabbobi, shi zai kai shi bayan gida.

Haka Malam Shitu ya ratso tsakiyar 'yan suna cikin 'yar shara da silifa, sanyi na kaɗa shi, tumbi a gaba, ramammen rago na bin sa a gefe. Maza suka dare suka ba su hanya. Liman na wasa wuƙa. Idrissa ya matso kusa da shi, ya yi magana yadda kowa zai ji.

"Allah gafarta Malam, a duba da kyau kafin a kayar. Ramammen ne na yankan. Mai ƙibar ɗan rakiya ne."

Ladan ne ya fara dariya, sannan sauran suka samu izini. An raɗa wa yaro suna Haruna, nama kuma bai kai ko'ina ba, sai da aka cika da kaji.

Sunan Ɗan Rakiya dai ya bi Malam Shitu har ya bar ƙasar, kuma wannan zalunci ne, don duk wanda ya je filin ran nan ya san bakwai ya ce, bakwai kuma ta ci. In ka tsokane shi zai gaya maka haka, ya ƙara da cewa har yau bai yarda an gwada danda ba. A sake su su biyu, a cire mai malafa, sannan a zo a yi masa maganar doki.